Ƙara Ɗaya Muka Ji

"Mami, kin ce ƙasa tana jan duk abin da ke da nauyi. To me ya sa tumbin Kawu Injiniya bai faɗo ba?"

Saura ƙiris kofin shayin da nake miƙa masa ya suɓuce. Falon ya yi tsit, in ban da fankar sama da ke kukanta na kullum, wadda Yaya, babban wana, ya shekara yana cewa gobe zai kira mai gyara. 'Yata tana zaune a kan kafet, ta miƙe ƙafafu, fensir a baki, tana jiran amsa tsakaninta da Allah. Shekarunta bakwai. Sunanta na yanka ya ɓace tun tana 'yar shekara uku, don ba ta buɗe baki sai da "me ya sa", har Yaya ya laƙaba mata Meyasa, sunan ya bi ta.

Injiniya ya yi dariya, irin wadda haƙora ke yi ba da sanin zuciya ba. Ya ja farar rigarsa mai karin guga kamar wuƙa ya rufe cikin.

"Yaran zamani," in ji shi.

"Tashi ki je ɗaki," na ce mata. "Za mu yi magana."

Ga waɗanda yau suka fara bina a wannan shafin, bari in gutsura muku. Ni malamar kimiyya ce a makarantar 'yan mata. Mijina ya rasu shekara uku da suka wuce, na dawo gidanmu da akwati biyu da yarinya ɗaya. Injiniya ɗan kwangila ne, shi aka ba aikin ƙara azuzuwa a benen makarantarmu, can ya gan ni. Bai taɓa zama a ajin injiniyanci ba, leburorinsa ne suka ba shi sunan, shi kuma bai ƙi ba. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa sun kama gabansu. Ba zan yi muku ƙarya ba, na so shi. Yana da hannun kyauta, ya iya zance, ranar da ruwa ya tsare mu a bakin titi ni da Meyasa, shi ya juyo da mota ya kwashe mu. Asabar mai zuwa manyansa za su zo a tsayar da magana. Sharaɗina ɗaya ne tun ranar farko: inda na sa ƙafa, nan 'yata za ta sa tata, kuma ta zauna a matsayin 'ya, ba kayan da aka haɗo ni da su ba.

"Wai me kike koya mata ne haka?" ya tambaye ni bayan ta fita.

"Darasin jibi nake shiryawa, ita kuma kunnenta kamar na zomo. Faɗuwar abubuwa. Zan nuna wa ɗalibai cewa babban dutse da ƙarami, in aka sake su tare daga sama, tare suke isa ƙasa."

Ya ajiye kofin. "A littafi ke nan."

"A ƙasa ma."

"Malama, shekara ashirin ina gini. Na ga bulo ya faɗo daga hawa na uku, na ga buhun siminti da aka zazzage ya faɗo. Bulon ya fashe, mun share, buhun bai iso ba tukuna."

"Iska ce ta tare buhun. Ka dunƙule shi ka ɗaure, ka gani."

"Mai nauyi shi ke riga. Wannan ko mai kwaɓa min siminti ya sani."

"To jibi ƙarfe sha biyu ka leƙo. Ai kana bayan ajinmu."

Umma, wadda ke zaune a kujerar kusa da ƙofa tana jan carbi kamar ba ta ji, ta yi min wani kallo ta saman tabarau. Na san kallon. Tun ina firamare nake shan sa.

Motarsa ba ta gama fita layin ba Umma ta biyo ni kicin.

"Ke wace iri ce? Mutum ya zo zance, kin mai da shi ɗan aji."

"Umma, tambayata ya yi."

"In namiji ya ce fari baƙi ne, ki ce Allah ya ƙara sani, ki wuce. Me zai rage ki da shi?" Ta karɓe soson daga hannuna, alhali ba wankin za ta yi ba. "Ita kuma wannan mai bakin reza, na gaya miki ki bar min ita. Ki je ki zauna lafiya, ranar hutu ta riƙa zuwa miki."

"Ba na barin ta."

"Ni ban iya riƙo ba ne? Wa ya riƙe ki?"

"Ke kika riƙe ni, Umma. Shi ya sa na san yadda uwa take."

Ta yi ƙwafa ta fita. Na sami Meyasa a ɗaki, na zaunar da ita a bakin gado, na yi mata faɗa sosai a kan maganar jikin mutane. Ta yi kuka, ta ce gobe za ta ba shi haƙuri, kuma ta ba shi, a waya, da bakinta. Ina so ku riƙe wannan, don kada wata ta shigo min akwatin saƙo da wa'azin tarbiyya. Inda ta yi laifi, ba na ɗaure mata gindi.

Ranar Talata na sa doguwar rigata ruwan toka, wadda alli ba ya nunawa a jikinta, da takalmi mara tsini saboda hawa bene. Ajin 'yan mata arba'in da biyu ne, masu shekara sha uku zuwa sha huɗu. Meyasa tana sashen firamare, suna riga mu tashi, don haka kullum a ajina take ƙarasa rana, a bencin baya, tana zane.

Na fara da takarda. Na ciro biyu daga tsohon littafi, na dunƙule ɗaya, na bar ɗaya a shimfiɗe, na sake su. Dunƙulalliyar ta faɗi tim, ɗayar ta yi ta rangaji kamar mai jin kunyar isa.

"Wacce ta fi nauyi?"

"Dunƙulalliyar, Malama."

"Daga littafi ɗaya na ciro su. Da na matse ta, na ƙara mata wani abu ne?"

Sai wata doguwa da ake kira Lauya, don ba a gama magana ba ta ɗaga hannu ba, ta ce, "Iska ce ta samu wurin riƙe mai faɗin."

"To in muka ɗauko abin da iska ba ta iya riƙewa fa? Rabin bulo da tsakuwa?"

"Bulo ne zai riga," suka haɗa baki.

"Me ya sa?"

"Ƙasa ta fi jan sa."

"Gaskiya ne, ta fi jan sa. Amma ku gaya min, tura keke da tura mota, wanne ya fi wuya? Babban abu ana jan sa da ƙarfi, shi kuma yana da wuyar motsawa. Ƙaramin, jan kaɗan ne, motsin ba wuya. A ƙarshe sai su yi canjaras."

"Malama, wannan kam sai mun gani," in ji Lauya.

"Ba gani za ku yi ba. Ji za ku yi."

Wannan dabarar tawa ce, shekara huɗu ina yin ta. Ido yana da son zuciya, abin da ya sa rai zai gani shi yake gani. Kunne bai iya wannan ba. Na sa aka shimfiɗa tsohon kwanon rufi a ƙasan barandar bene, na ja layi da alli taku goma daga wurin, na ce duk wadda ƙafarta ta taɓa layin ta koma aji. Suka jeru a baya. Na ce in na ƙirga uku kowa ta rufe ido, ta ƙirga ƙara nawa ta ji a kan kwanon.

Na hau sama riƙe da hannun Meyasa, don ba na barin ta ƙasa in ana sakin abu. Ina isa baranda sai ga Injiniya ya fito daga sabon ajin da ake wa filasta, hular kwano a kai, leburori biyar a bayansa, kowa da siminti har gwiwar hannu.

"Na zo makaranta, Malama," ya ce yana murmushi. "Kawo, ni zan saki. Hannun mace ba ya riƙe bulo daidai."

Na miƙa masa. Raina ma ya yi daɗi, wallahi. Na ce a zuciyata, ga shi zai shiga aikina, ɗalibai su gan shi, mu yi dariya, a wuce wurin.

Rabin bulo a dama, tsakuwa a hagu, ya miƙa hannuwa bisa kwanon. Na ƙirga. Ya saki.

Kwaram.

"Nawa?" na tambaya daga sama.

"Ɗaya!"

Suka buɗe ido suna kallon juna, wasu na tsalle. Wani dattijo cikin leburorin ya ce, "Ikon Allah."

"Hannuna ne ya goce," in ji Injiniya. "A kawo wani."

Aka kawo. Ya saki. Ƙara ɗaya.

Na ga jijiyar gefen wuyansa ta tashi. Ya ce a kawo na uku. Yara suka rufe ido, na ƙirga, kuma ina kallon hannunsa lokacin da yatsun dama suka buɗe, na hagu suka ɗan jira.

Kwaram. Ƙwas.

"Biyu," wasu suka ce, murya a sanyaye.

"To kun ji," ya ce da ƙarfi, yana karkaɗe hannu. "Littafi daban, aiki daban."

A nan zan faɗa muku abin da ban gaya wa kowa ba. Na gani, kuma na yi shiru. Na numfashi ɗaya ne ko biyu, amma na yi. Asabar ta gifta min, da fuskar Umma, da gidan nan mai ɗakin da ya ce na Meyasa ne, har ya sa an yi masa fenti ruwan hoda. Na ji wata murya a cikina tana cewa, bar shi, gobe kya gyara wa yaran a aji.

"Kawu, ai ka riga sakin bulon," in ji Meyasa. Ba da tsiwa ba. Yadda za ta ce maka igiyar takalminka ta kwance. "Na gani. Wannan hannun ya buɗe, wannan bai buɗe ba."

Barandar tana da amsa-kuwwa, kowa ya ji. Wani lebura ya juya baya, kafaɗunsa na rawa don dariya. A ƙasa ido tamanin da huɗu suka ɗago suna kallona.

"Malama, haka ne?" in ji Lauya.

Kunya ta kama ni, ba tasa ba, tawa. Yarinya 'yar shekara bakwai ta riga ni.

"Haka ne," na ce. "A kimiyya in aka samu saɓani, sakewa ake yi. Lauya, hawo."

Ta hawo, ta saki. Ƙara ɗaya. Kafin yaran su gama tafi, Injiniya ya sauka ta ɗaya matakalar, ko sallama babu.

Saƙonsa ya shigo da la'asar, ina tsaye ina yanka albasa.

"Yarinyarki ta ƙaryata ni a gaban yarana. Shekara ashirin ba wanda ya taɓa yi min haka."

Na goge hannu na rubuta, "Ka yi haƙuri da yadda abin ya zo. Ba ta yi don ta ci fuskarka ba."

"So nake ta zo gabansu ta ce idonta ne ya yi mata gizo. Shi ke nan, ya wuce."

"Amma ba gizo ba ne. Ni ma na gani."

Alamar yana rubutu ta fito, ta ɓace, ta sake fitowa.

"In ba za ta iya wannan ba, ban ga yadda za ta zauna min a gida ba. Ki yi tunani."

Na ajiye wayar. Ashe ya tura wa Yaya komai. Yaya ya shigo ko takalmi bai gama cirewa ba.

"Kalma nawa ce? Ban gani daidai ba. Huɗu. A kan kalma huɗu za ki rushe aure?"

"Ƙarya ce, Yaya."

"Ke ba ki taɓa cewa kin ƙoshi ba alhali kina jin yunwa? Zaman duniya ke nan. Dutse ne fa. Dutse. Ya riga, bai riga ba, wa zai ci a ciki?"

"Ba maganar dutse ba ce."

"To ta mece ce, Farfesa?"

"Babba ya yi abu a gabanta, an ce ta ce ba ta gani ba."

Ya juya wajen Umma, wadda ta leƙo ƙofar kicin. "Kin ga irinta ko, Umma? Boko ya yi mata yawa. Bazawara da 'ya, ta samu mai rufa mata asiri, tana yi mana lacca."

Kalmar ta shige ni, ban nuna ba. Na juya na ci gaba da albasata, ta ba ni dalilin hawaye.

Laraba ba wanda ya sake tada zancen, har na ɗauka ya mutu. Alhamis muna da taron malamai bayan tashi, irin wanda shugabar makaranta ke karanta takarda shafi shida a kan zuwa da wuri. Da safe Yaya ya ce shi zai ɗauko Meyasa, kada ta yi ta jira. Na yi masa godiya, ni wawuya.

Ina zaune kusa da taga, ina zana fure a gefen takarda, sai na hango jakar makaranta ja tana bin bayan gini. Ba hanyar ƙofar fita ba ce. Hanyar inda ake kwaɓa siminti ce. Yaya na riƙe da hannunta.

Na miƙe.

"Malama, ban gama ba," in ji shugaba.

"Ki yi haƙuri, ranki ya daɗe. 'Yata ce."

Ban san yadda na sauka matakalar ba. Na iske su a gindin tarin yashi. Injiniya na zaune a kan farar kujerar roba, ƙafa ɗaya kan ɗaya. An tsayar da aiki, leburorin na tsaye da shebur a hannu, kowa ya sunkuyar da kai, dattijon nan yana kallon gefe kamar an sa shi kallon abin da bai halatta ba. Meyasa na tsakiya, jaka a baya, safarta ɗaya ta zame. Hannun Yaya na kan kafaɗarta.

"Faɗi mana, 'yar albarka. Ban gani daidai ba. Sai mu je in saya miki alewa."

Ta hango ni. Ba ta rugo ba, abin da ya fi ƙona min rai ke nan. Ta tsaya tana karanta fuskata, tana neman ta gane wane gefe nake.

"Mami, in ce?"

Na durƙusa a gabanta, rigata a cikin yashi, na ja mata safar.

"Me kika gani ranar?"

"Ya riga sakin bulon," ta ce can ƙasa.

"To shi kika gani. Ba mai sa ki canza shi. Ko ni."

Na cire hannun Yaya daga kafaɗarta, a hankali, don yayana ne. Na miƙe.

"A gaban mutane za ki yi min haka?" in ji shi.

"Kai ka tara mutanen, Yaya."

Injiniya ya sauke ƙafa. Muryarsa a kwance take, ta ba ni tsoro fiye da a ce ihu ya yi. "Malama, ni ba na son hayaniya. Gidana yana da tsari. In na ce abu, ya zauna. Ki zaɓa."

"Ai na daɗe da zaɓa. Shekara bakwai ke nan."

Na kwance agogon da ya ba ni, na ɗora a kan bulon da ke kusa da kujerarsa. Maɗaurin ya ƙi buɗewa sai da na sa haƙori, ba wani kyan gani a abin. Na kama hannun 'yata muka wuce. Da muka zo daidai dattijon, ya matsar da baronsa ya ba mu hanya, ya ce, "A sauka lafiya, Malama."

A cikin motar haya ta kwantar da kai a cinyata. Sai ta ɗago ta kalle ni.

"Da kin ce in ce, da na ce."

Na sani. Shi ya hana ni cin abinci ranar.

Yanzu da nake rubuta muku wannan, Juma'a ce da hantsi, ba ni da darasi sai ƙarfe sha ɗaya. Umma ba ta amsa gaisuwata ba yau, ta dai sa an wanke labulen falo, an fito da kofunan baƙi daga kabad. Yaya ya rantse ba zai kira kowa ya ce an fasa ba, wai in ina da ƙarfin hali in faɗa wa dattawa da bakina. Shi kuwa Injiniya, saƙo ɗaya ya turo da safe: "Gobe tana nan. Na yi magana da Umma, yarinyar za ta zauna wurinta. Fushi ne, zai wuce miki."

Na goge baƙin mayafina na rataye. Gobe in sun yi sallama, ni zan buɗe ƙofa, kuma 'yata tana gefena.

Ke kuma da kike karanta wannan, mai ɗa a hannu da manemi a ƙofa, ki ji ni da kyau. Kada ki auna shi ranar da yake kyauta, kowa ya iya wannan. Ki jira ranar da ƙaramin yaro ya kama shi da kuskure a gaban mutane, ki kalli fuskarsa. Kuma duk wanda ya ce ki sa ɗanki ya ƙaryata idonsa don a zauna lafiya, ko uwarki ce, kada ki yarda ko sau ɗaya. In ya koya a kan ƙaramin abu, ranar da aka yi masa babba a bayan idonki, zai zo ya zauna kusa da ke, ki tambaye shi me ya faru, ya ce miki ba komai.